Ƙarfen gyaran haƙora: me ya sa yake cin shekara biyu, kuma me ya sa ba a gamawa ranar da aka cire shi

Tambayar da ta fi yawa a bakin wanda aka ce za a sa wa ƙarfen gyaran haƙora ita ce ta lokaci. Likita ya ce shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, mai haƙora kuma ya ce, ba za a iya ƙara ɗaure wayar a gama a wata uku ba? Amaren da biki ya matso su suka fi yin wannan ciniki. Ba za a iya ba, kuma dalilin ba ya hannun likita, ba ya cikin tsadar ƙarfen. Yana cikin ƙashin muƙamuƙi.

Haƙori ba a kafe yake a ƙashi kai tsaye ba. Tsakanin saiwarsa da ramin da take zaune a ciki akwai wata siririyar shimfiɗa ta zaruruwa da jijiyoyin jini, kaurinta wajen rubu'in milimita. Ita take riƙe da haƙori, ita kuma take sanar da kai akwai tsakuwa a shinkafa tun kafin ka gama taune ta. Idan aka tura haƙori gefe guda a hankali, ba ƙaƙƙautawa, shimfiɗar za ta matse a gefen da ake tura shi, ta miƙe a ɗaya gefen. A inda ta matse, jiki zai turo ƙwayoyin halitta masu narkar da ƙashi su buɗe hanya. A inda ta miƙe, wasu ƙwayoyin za su zuba sabon ƙashi su cike gurbi. Rusau a gaba, gini a baya. Haka haƙori yake tafiya tare da raminsa, kusan milimita ɗaya a wata idan komai ya tafi daidai.

Idan aka ƙara ƙarfi fa? Jijiyoyin jinin wurin su toshe, naman ya mutu, masu narkar da ƙashin kuma su rasa hanyar isowa tunda ta jini suke zuwa. Sai haƙorin ya tsaya cak na makonni, har jiki ya zagayo ta cikin ƙashi ya share mataccen wurin. An sha ciwo, lokaci bai ragu ba, saiwa kuma tana iya gajarcewa. Ko a aikin da aka yi bisa ƙa'ida, saiwoyin haƙoran gaba kan ragu da milimita ɗaya zuwa biyu, abin da yawanci ba ya cutarwa, amma garaje yana iya mai da shi babbar asara. Shi ya sa ake barin mako huɗu zuwa takwas tsakanin ganin likita da ganin likita. Ba jan rai ba ne.

Abu na biyu da ƙashi yake nema shi ne matsin ya daɗe. Wajen tauna nama muna ɗora wa haƙora nauyin da ya ninka na kowace wayar gyara sau da yawa, amma na daƙiƙa ɗaya ne, don haka ba sa gusawa. Matsin da bai kai wajen sa'a shida a yini ba kusan bai yi komai ba. Yaron da yake tsotson yatsa jifa-jifa bakinsa kan tsira, amma wanda yake kwana da yatsa a baki har ya wuce shekarun famfara, haƙoransa na sama za su turo waje, a bar ƙofa tsakanin sama da ƙasa ko ya rufe baki. Yatsa ya yi aikin waya, sai dai ta baya.

Wanda ya gane waɗannan biyun ya gane bambancin ƙarfen da ake mannewa da abin da ake sawa ana cirewa. Duka matsi suke bayarwa. Tambayar ita ce wa yake riƙe da lissafin sa'o'in: gam ko mai bakin.

Ɗaure haƙora da ƙarfe tsohon abu ne. A 1728 wani likitan Faransa, Pierre Fauchard, ya bayyana wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake ɗaure haƙora a jikinsa da zare. Amma siffar da muke gani a yau ta samo asali ne daga Edward Angle na Amurka, wanda a 1928 ya fito da ɗan maɓalli mai tsaga da waya mai kusurwa huɗu take shiga cif-cif. Wannan kusurwa ita ce sirrin. Waya mai zagaye tana iya karkata kan haƙori kawai, mai kusurwa kuwa tana kama shi ta juya har saiwarsa. A zamanin Angle da bayansa, kowane haƙori sai an zagaye shi da zoben ƙarfe, baki ya cika da ƙarfe fal. A 1955 Michael Buonocore ya nuna cewa idan aka ɗan shafa wa fuskar haƙori ruwa mai kaifi, wato asid, gam zai kama ta. A 1965 George Newman ya yi amfani da wannan ya manna maɓallan kai tsaye. Sai kuma wayar da aka haɗa da nikel da titaniyam, wadda aka gano a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka, ta shigo aikin haƙori a farkon shekarun 1970. Komai aka lanƙwasa ta tana neman komawa siffarta ta asali a hankali, wato dai irin matsin da ƙashi yake so.

Ranar sa ƙarfen ba allura, ba huda. Za a wanke haƙoran, a sa wata roba ta buɗe leɓɓa, a busar da su da iska. A shafa ruwan nan mai kaifi, galibi shuɗi ne, na daƙiƙa 15 zuwa 30, a wanke, wurin ya dusashe ya yi fari-fari. A ɗiga gam a bayan maɓalli, a ɗora shi, likita ya yi ta gyara masa zama da bakin wani siririn ƙarfe, don kuskuren rabin milimita a nan zai bayyana a murmushi bayan shekara. A haska shuɗiyar fitila gam ya daskare. Sai a zura wayar farko, siririya sosai, tana hawa tana sauka bisa karkatar haƙoran, a ɗaure ta da 'yan ƙananan robobi. Masu launin da yara suke zaɓa ke nan. Mutum ya tashi yana jin bakinsa ya yi masa yawa, amma ba ciwo tukuna. Ciwon sai bayan wasu sa'o'i, ya kai ƙarshensa a kwana ɗaya, ya lafa cikin mako. Likitoci da yawa sun fi ba da farasitamol a kan magungunan rage kumburi, saboda kumburin nan kaɗan yana cikin abin da yake tafiyar da haƙori. Inda maɓalli yake gurzar kumatu kuma akwai kakin da ake liƙa masa.

Waɗanda ake cirewa kuwa ba iri ɗaya ba ne, ko da yake mutane suna haɗa su a kwando guda. Akwai farantin roba mai tauri da yake kwanciya a rufin baki, da 'yan wayoyi masu kama turame. Wani yana da ɗan sukurori a tsakiya, a ba iyaye ɗan mabuɗi su riƙa juya shi rubu'in zagaye, sau ɗaya ko biyu a mako. Kowane juyi yana buɗa farantin da kusan rubu'in milimita. Yana da araha, yana da sauƙin wankewa, ya dace da yaron da haƙorinsa ɗaya ko biyu na sama suka faɗa bayan na ƙasa. Amma a wuri ɗaya yake taɓa haƙori, don haka karkata shi kawai yake iya yi. Ba ya juya haƙorin da ya murɗe, ba ya jan saiwa. Duk wanda ya ce zai warware cunkoso mai tsanani da faranti, ko bai san aikin ba ko yana son kuɗinka.

Akwai kuma na yara masu tasowa waɗanda muƙamuƙinsu na ƙasa ya koma baya. Wanda ya fi shahara shi ne mai gida biyu, sama da ƙasa, da William Clark ya ƙirƙiro a Sukotlan a 1977. Ba ya barin baki ya rufu sai an turo haɓa gaba. Yana aiki ne a shekarun da yaro yake tsawo da sauri, wajen 11 zuwa 14, kuma bincike ya nuna yawancin canjin a haƙora yake faruwa, na ƙashi kaɗan ne. Ga wanda ya gama girma ba shi da amfani.

Sai na zamani, kwanson roba garai-garai da yake rufe haƙora duka, wanda ba a cika lura da shi ba. Kamfanin Align Technology, da aka kafa a Kalifoniya a 1997, shi ya yaɗa shi da sunan Invisalign. Ana ɗaukar siffar baki, kwamfuta ta raba tafiyar haƙoran zuwa matakai, kowane kwanso ya gusar da su kusan rubu'in milimita, a sauya shi bayan mako ɗaya ko biyu. Ga matsalar da ba ta yi tsanani ba yana aiki sosai. Sharaɗinsa sa'a 20 zuwa 22 a baki kullum. Yi lissafi: abin da ya rage maka sa'a biyu zuwa huɗu ne, a ciki za ka karya, ka ci na rana, ka ci na dare, ka goge baki bayan kowanne. Ruwa kawai ake sha da shi a baki. Mai zaman majalisar shayi daga magariba zuwa sha ɗaya, ko wanda goro ba ya barin kumatunsa, ya tambayi kansa tsakani da Allah kafin ya biya. A watan azumi dai cika sa'o'in ba ya wuya, sai dai a kula kada a cire shi da shan ruwa a manta da shi har sahur. A ganina wannan shi ne ma'aunin zaɓi na gaskiya, ba kyan gani ba. Wanda ya san halinsa na mantuwa, ƙarfen da aka manne ya fi masa, don shi ba ya neman izininsa kafin ya yi aiki. Haka yaron makarantar kwana da ba mai sa masa ido.

Kwanson ya jawo wata fitina, ta sayar da shi ta intanet ba tare da likita ya duba baki ba. Babban kamfanin da ya yi suna a wannan, SmileDirectClub na Amurka, ya rufe a Disamban 2023, ya bar mutane a tsakiyar magani ba mai ƙarasa musu. Ko da bai rufe ba, hoton wayar salula ba ya nuna saiwa, ba ya nuna ƙashi, ba ya nuna dasashin da ya fara ciwo.

To wa yake buƙatar gyaran? A nan ana yawan zuzutawa. Za ka ji an ce karkatattun haƙora suna kawo ruɓewa da ciwon dasashi, amma hujjar hakan ba ta da ƙarfi, mai goge bakinsa da kyau kan zauna lafiya da 'yar karkatarsa. Dalilai masu nauyi su ne irin waɗannan: haƙoran sama da suka turo waje sosai, don bincike ya nuna waɗanda suka zarce na ƙasa da fiye da milimita 3 haɗarin karyewarsu a faɗuwa ya kusa ninkawa, fiƙar da ta maƙale a cikin ƙashi tana cin saiwar maƙwabtanta, haƙoran ƙasa masu sukar rufin baki, yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe ko rufin baki, da wanda tsokanar yara ta hana shi dariya a cikin mutane, wanda shi ma ba ƙaramin dalili ba ne. A Birtaniya hukumar lafiya tana auna buƙata da mataki 1 zuwa 5, kuma galibi masu mataki 4 da 5 'yan ƙasa da shekara 18 take yi wa kyauta. Wato ko a inda gwamnati take biya, ba kowace karkata ake ɗauka ciwo ba.

Wushirya ta isa misali. Littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka suna lissafa ta cikin abin da ake gyarawa, mu kuwa ado ce, har waƙa ake yi wa mai ita. Idan ba wata cuta a ƙarƙashinta, babu dalilin lafiya da zai sa a rufe ta, sai in mai ita ne ya so. Wadda take bayyana ga yaro ɗan shekara 8 ko 9 ma yawanci da kanta take rufewa idan fiƙoƙi suka fito. Haka batun haƙoran sama da ƙasa da suka ɗan turo gaba tare, abin da ya zama ruwan dare a fuskar baƙar fata. Ma'aunan farko an ɗauke su ne daga fuskokin Turawa, kuma likitan da ya san aikinsa ba zai tilasta wa fuskar Bahaushe su ba. Wannan yana da muhimmanci saboda mayar da haƙora baya yana bukatar fili, filin kuma sau da yawa sai an cire lafiyayyun haƙora huɗu, waɗanda suke bayan fiƙoƙi. Angle ya ƙi cire haƙori sam. Almajirinsa Charles Tweed ya bi shi har ya ga aikinsa yana warwarewa, sai ya sake yi wa marasa lafiyarsa magani da cirewa, ya nuna sakamakon a 1940. Har yau ana muhawarar. Akwai bakin da ba makawa sai an cire, amma haƙƙinka ne a nuna maka hoton ƙashi a faɗa maka dalili.

Ta fuskar addini, abin da mutane suke tsoro shi ne hadisin Ibn Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda ya la'anci masu goge haƙora su buɗa tsakaninsu don ƙawa. A ɗaya ɓangaren akwai hadisin Arfaja, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Daga nan malamai da yawa na wannan zamani suka bambanta gusar da aibi, wanda suka halatta, da ƙarin ƙawa ga abin da yake lafiya lau.

Ƙungiyar ƙwararrun gyaran haƙora ta Amurka tana ba da shawarar a fara duba yaro yana ɗan shekara 7. Ba don a sa masa ƙarfe a lokacin ba, yawanci sai wajen shekara 11 zuwa 13 idan haƙoran manya sun gama fitowa, sai don a kama abin da jira zai ɓata. Babba kuma ba a ce ya makara ba, muddin dasashi da ƙashi suna lafiya. Mai ciwon sukari ya fara daidaita shi. Mai sikila ya faɗa wa likita tun farko: cutar kanta tana iya sa muƙamuƙin sama ya turo gaba, kuma aikin nasa yana bukatar matsi mai sauƙi da shawarar likitan jini.

Zama da ƙarfen yana da nasa haraji. Rake, ƙuli-ƙuli, aya, goriba, goro, ƙanƙara, taunar ƙashi da guringuntsi, duk sai bayan an cire. Kilishi da tsire a yayyanka ƙanana a tauna da turame. Alawa mai danƙo da cingam suna jan waya. Kowane maɓalli da ya ɓalle haƙorinsa ya fita daga layi ke nan har sai an mayar, makonni sun ƙaru. A kwanakin ciwo, kunu, fura da nono, fate, alale da tuwo mai laushi sun wadatar. Amma babban abin tsoro ba ɓallewa ba ne, ƙazanta ce. Abincin da ya maƙale a gefen maɓalli yana fara cin fuskar haƙori cikin wata ɗaya kacal, kuma ba a gani sai ranar da aka cire ƙarfe, a tarar da fararen tabo sun zagaye gurbin kowane maɓalli. Wasu ba sa gogewa har abada. Asuwaki ba ya shiga ƙarƙashin waya, kuma idan aka danna shi yana ɓalle maɓalli. Sai buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, da ɗan tsinken buroshin nan da ake zurawa tsakanin waya da haƙori. Lemon kwalba da shayi mai sukari ana kurɓa duk yini su suka fi ɓarna. Masu faranti da kwanso kuma su kiyayi ruwan zafi da barin shi a mota cikin rana, don robar tana lanƙwashewa. Da yawa a wurin biki suke ɓata: a naɗe a takardar goge hannu a ajiye gefen kwanon abinci, mai kwashe kwanuka ya haɗa da shi.

Duk bayanin nan shi yake nuna haɗarin ƙarfen gayu da ake tallarsa a Instagram da TikTok, ana mannawa a shagon kwalliya. Masu sayarwa suna cewa ado ne kawai, ba ya motsa haƙori. Ƙashi bai san niyya ba. Duk wayar da ta kwana ta wuni tana matsa haƙori za ta gusar da shi, kuma ba wanda ya tsara inda zai nufa. Ga gam da ba na baki ba, ga kayan aikin da ba a dafa ba. Tailan ta haramta sayar da irinsa tun 2006. Wanda ya fi shi muni shi ne zagaye haƙoran gaba biyu da robar ɗaure kuɗi ko ta gashi don rufe wushirya. Saiwa tana sirancewa zuwa sama, don haka robar tana silalewa ta shige ƙarƙashin dasashi, ta ɓace wa ido, ta yi ta yanke zaruruwan da suke riƙe da haƙoran har su fara girgiɗi su zube. A Najeriya mai taɓa bakinka ya zama likitan haƙori mai rajista da hukumar likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, wato MDCN, ƙwararre a gyaran haƙora kuma shi ne wanda ya ƙara shekaru yana samun horo a kai bayan digirinsa. Ba su da yawa, kuma a manyan birane suka taru. Asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, suna da sashen. Tunda zuwa ne na kusan kowane wata har shekara biyu, kuɗin mota da yiwuwar canjin gari, na makaranta ko na bautar ƙasa, suna cikin lissafi tun kafin a manna maɓallin farko.

Sai ranar cirewa, wadda mutane suke ɗauka ita ce ƙarshe. Zaruruwan da suke kewaye da saiwa suna bukatar wata uku zuwa huɗu kafin su saba da sabon wuri, na cikin dasashi kuwa har kusan shekara suna ja baya. Bayan wannan ma haƙora ba sa daina motsi, ko a bakin wanda bai taɓa sa ƙarfe ba na ƙasa na gaba suna ƙara cunkushewa da shekaru. Robert Little da abokan aikinsa a Jami'ar Washintan da ke Siyatil sun bi mutanen da aka yi wa gyara suka daina sa mariƙi, wato abin da ake sawa bayan cire ƙarfe don ya riƙe haƙoran a sabon wurinsu. Bayan shekara 10, kusan kashi 30 cikin 100 ne kawai haƙoransu na ƙasa suke a jere yadda ake so. Bayan shekara 20, a rahotonsu na 1988, saura kashi 10. Kuma sun kasa gano alamar da za ta nuna tun farko wane ne nasa zai koma.

Saboda haka ake ba da mariƙi, wanda a asibiti za ka ji ana ce masa ritena. Ko faranti mai waya a gaba irin wanda Charles Hawley ya fito da shi wajen 1919, ko kwanson roba, ko siririyar waya da ake mannewa a bayan haƙoran gaba inda ba a gani. Wanda aka rufe wa wushirya kusan dole sai wannan ta ƙarshen, don tana cikin abubuwan da suka fi saurin dawowa. Na cirewa ana sa shi yadda likita ya tsara a watannin farko, daga baya ya koma na dare, kuma shawarar da ake bayarwa yanzu ita ce a ci gaba da sa shi muddin ana son haƙoran su zauna a jere. Robar tana tsufa tana tsagewa, sai an sake wata lokaci-lokaci, don haka tun wajen cinikin farko a tambaya ko kuɗin mariƙi yana ciki, da nawa ne sabo idan ya ɓata. Idan aka yi kwanaki ba a sa ba aka ji ya matse, haƙoran sun fara tafiya, a koma sa shi dare da rana na 'yan kwanaki. Idan ya ƙi shiga gaba ɗaya kada a danna shi da ƙarfi, a kai wa likita a makon.